Gyaɗar Baƙo da Ƙarfen Sha Biyu

Alhamis, 4 ga Oktoba, 1928

Namiji! Na zama kaka.

Ina gindin maɗaci a gaban biro, wato ofishin kumandan, guduma a hannu, ina jiran dogon hannun agogo ya hau sama, sai ga Indo maƙwabciyarmu a guje, mayafi a hannu. "Cha'ibu, ajiye gudumar nan, 'yarka ta sauka lafiya!" Na ce mata saura minti huɗu. Ta tsaya tana kallona kamar na zare. Na jira, na buga wa ƙarfen sanar da lokaci goman daidai, sannan na ruga gida, na leƙa, na rugo don na sha ɗaya.

Ɗan ja ne, hannunsa a dunƙule kamar mai shirin dambe. Ban gan shi sosai ba.

Mushen lakwal, malamin makarantar boko, wanda ke koya mana karatu bayan magariba mu tsofaffi shida, shi ya ba ni kayen nan, littafin rubutu. Ya ce in riƙa rubuta abin da ya same ni don hannuna ya saba. Da Faransanci ya ce. Faransancina bai isa ɗaukar abin da ke cikina yau ba, da Hausa zan yi.

Juma'a, 5 ga Oktoba

Tun da asuba matata Ajuma ta hura wutar ruwan jego, gidan duk ƙanshin ganye da kunun kanwa. Haihuwar fari ce, shi ya sa yarinyar ta dawo gidanmu daga Tanda. Kwana arba'in za su yi, sannan mijinta Lawali ya zo ya kwashe su.

Bari in rubuta sunanta sau ɗaya, tunda ba mai karanta wannan: Bibata. 'Yar fari ce, ban taɓa kiran sunan a gaban mutane ba, ban taɓa ɗaukar ta ana gani ba. Haka aka yi mana, haka muka yi. Amma jika ba kunya tsakanina da shi. Wannan in na ga dama in ɗora shi a wuya in zaga kasuwa.

Kwana arba'in. Ɗaya ya tafi.

Lahadi, 7 ga Oktoba

Ajuma ta ce ta yi sabon miji. "Wannan shi ne maigida, ga shi kwance yana jirana. Kai tafi wurin ƙarfenka, ita ce ta aure ka." Na ce angon nata ko haƙori ba shi da shi. Ta ce ni ma saura nawa?

Mun yi dariya. Amma da na ƙirga, tun da aka haife shi ban riƙe shi ya kai tsawon shan ruwa ba. Na shida na safe zuwa na shida na yamma, bugu goma sha uku kullum, har Lahadi, shekara goma sha ɗaya ke nan. In na dawo ya yi barci, ko yana nono.

Talata, 9 ga Oktoba

Wuyan nan ya sake sagewa. Cikin ma yana ƙuna. Ajuma ta ba ni jiƙon sabara, ta ce ba jiƙon da zai yi wa mutumin da ke cin tuwo a tsaye aiki.

Alhamis, 11 ga Oktoba

Suna.

Ban san ta inda zan fara ba.

Na buga shida, na zo gida. Ƙofar gida cike, mutanen Tanda sun iso tun jiya, ga rago ɗaure, ga goro a faifai, wanzami yana wasa askarsa. Liman ya ce a ɗan jira kawun Lawali, tsoho ne, yana tafe a hankali. Muna zaune ana gaisawa, ni kuwa idona na kan inuwar katanga. Na ga kamar ta ja. Na ce a raina bakwai ta yi, agogo yana can yana jirana, kumandan ya leƙo ta taga. Sai na zame ta bayan rumbu ba wanda ya gan ni.

Da na isa biro, saura minti ashirin.

Minti ashirin na tsaya ina kallon agogo ta taga. Ina tsaye nan na ji guɗa daga wajen unguwarmu.

Da na dawo an riga an yanka rago. Baƙo mai lambun bariki ya tare ni a hanya, goro cike da bakinsa. "Ina ka shiga? Maroƙi ya yi ta kira, ina mai suna, ina mai suna, ya fito a gan shi! Cha'ibu aka sa wa yaron. Takwaranka ne." Lawali ne ya roƙi mahaifinsa wannan, ya ɓoye mini don in ji daga bakin liman.

Kowa ya ji, har awaki. Ni kaɗai ban ji ba.

Na ci naman, na amsa barka, na yi dariya da kowa. Farin cikin na gaske ne, wallahi. Amma minti ashirin ɗin nan ba su bar raina ba.

Juma'a, 12 ga Oktoba

Uwarsa ba za ta iya kiran sunan ba tunda nawa ne. Sun ce Maisuna za a riƙa ce masa. Ni takwara zan ce.

Ajuma ba ta yi mini maganar jiya ba. Gara ta yi.

Litinin, 15 ga Oktoba

Tsakanin na biyu da na uku Baƙo ya zo ya zauna a gindin maɗaci yana ɓarar gyaɗa. Mutumin Dendi ne, tsarana, kullum aljihunsa da gyaɗa, ba abin da ke sa shi sauri a duniya. Ya miƙo mini, na ce ba na ci a bakin aiki. Ya ce wane aiki, tsayuwa?

Ban san yadda aka yi ba na ba shi labarin da ya riga ya sani. Shekarata ta fari a nan, na makara da na tara, kaɗan, na je kama ruwa. Kumandan na lokacin ya sa na tsaya a rana da guduma a ɗage har la'asar, gardawa, dogaran kumandan, suna wucewa suna kallo. Tun ranar ban sake makara ba.

Baƙo ya tauna gyaɗarsa ya ce, "Wanda ya tsayar da kai ya koma ƙasarsu shekara tara. An yi uku bayansa. Kai har yau ba wanda ya ce maka ka sauke hannu?"

Ya ce in koya masa agogo, ya riƙa kama mini aikin. Na ce mutumin da ke shuka ganyen salati a lambu zai buga wa gari lokaci? Ya ce ni ma ai kafin in zama mai ƙarfe jaki nake kora. Gaskiya ne, shi ya sa na ji haushi.

Laraba, 17 ga Oktoba

Na yi gyangyaɗi a lakwal, allo ya faɗi. Sauran tsofaffin suka yi ta dariya. Da aka tashi Mushe ya tsayar da ni, ya ce ya lura kwanan nan a gajiye nake zuwa. Na faɗa masa komai, har na suna.

Ya tambaye ni, "Ka taɓa roƙon a ba ka mai taimako?"

Na ce ana roƙon irin wannan?

Ya ce to me ya sa nake koyon rubutu. Muka zauna muka rubuta takarda. Shi ya faɗi kalmomin, ni na zana su da hannuna, layi biyar, sau uku ina sakewa. Cewa Baƙo ya riƙa bugawa daga sha biyu zuwa shida, ni in taya shi ɗibar ruwan lambu da safe tsakanin bugu da bugu, tunda bayansa ya fara ciwo.

Asabar, 20 ga Oktoba

Takardar tana cikin hulata. Kwana uku. Ta fara jin gumi.

Kwana goma sha shida sun tafi cikin arba'in.

Lahadi, 21 ga Oktoba

Yau da yamma na sami jikan nawa ido biyu. Na ɗauke shi na ce, "Takwara, ka ƙwace mini mata, ka ƙwace mini suna, me ya rage?" Sai ya yi mini fitsari a riga. Ajuma ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce maigida ya ba da amsa. Uwarsa tana bayan asabari, na ji ta tana dariya ƙasa-ƙasa. Rabon da in ji dariyarta kusa haka tun tana 'yar ƙarama.

Gobe zan kai takardar. Ko me za a yi a yi.

Litinin, 22 ga Oktoba

Na kai.

Na ba tafinta, ya shiga da ita, ni ina waje ina jira. Na riga na shirya yadda zan gaya wa Ajuma an kore ni. Sai aka kira ni ciki. Kumandan yana juya takardar, ya tambaya ko ni na rubuta. Na ce ni ne. Ya yi wata magana mai tsawo, tafinta ya kalle ni yana danne dariya.

"Ya ce shi tun da ya zo yana zaton ku biyu ne. Ya ce ba mutum ɗaya da zai yi wannan kullum har Lahadi. Ya ce ku yi yadda kuka ga dama, in dai ƙarfen yana kuka a kan lokaci."

Shi ke nan. Maganar ba ta kai minti biyu ba.

Na fito na zauna a gindin maɗaci. Zaunawa na yi, a ƙasa. Shekara goma sha ɗaya, ashe mu biyu ne.

Alhamis, 25 ga Oktoba

Kwana uku ina koya wa Baƙo. Na zana masa agogo a ƙasa, kara biyu, dogo da gajere. Wannan ya kama da wuri, ya ce ai kamar rabon kwamin albasa ne. Matsalar ƙirgar bugun ce. In ya fara bugawa daɗin ƙarar yana ɗauke masa hankali, ya manta inda ya kai.

Shi ya nemo dabara da kansa. Zai zuba gyaɗa a aljihun dama daidai yawan bugun, kowane bugu ya mayar da ƙwaya ɗaya aljihun hagu. In dama ta ƙare ya tsaya. Mun gwada da sanda a jikin tukunya, bai kuskure ba ko sau ɗaya.

Ɗibar ruwan kuwa na yi zaton ƙarin wahala ce. Ba haka ba ne. Rijiyar da sanyi, ƙasa tana ƙamshi in ta sha, ba wanda ke kallon ka.

Juma'a, 26 ga Oktoba

Ranar farko. Na buga sha ɗaya na miƙa masa guduma. Sai da ya ɓamɓare yatsuna daga jikinta.

Na ci tuwo a zaune. Ajuma ta kira Indo ta zo ta gani.

Amma ban ji daɗin ranar ba, gaskiya. Kowace sa'a kunnena yana bariki. Da ya fara sai in daina tauna, leɓena yana motsi. Ajuma ta ce wannan ba hutu ba ne, na dai ƙara wa igiyar tsawo.

Duka bakwai ya yi su daidai. Na ƙirga.

Litinin, 29 ga Oktoba

Takwara yana son a ɗora shi a ƙirji a riƙa ɗan bubbuga bayansa. Na gane ina bubbugawa ina ƙirgawa, in na kai sha biyu in tsaya. Shi kuma in na tsaya sai ya yi kuka. Ba ruwansa da sha biyu.

Laraba, 31 ga Oktoba

Yau dai! Bari in rubuta tun ina iya riƙe alƙalami don dariya.

Ina zaune a zaure da tsakar rana, takwara a kafaɗata, ya gama shan nono. Ƙarfe ya fara. Ina bi. Tara, goma, sha ɗaya. Shiru.

Na jira. Shiru.

Na sha biyu shi ne babba. Shi ke sallamar masu aikin hanya, shi ke sakin 'yan lakwal, da shi kukun kumandan ke ɗora abinci a tebur. Ban san lokacin da na miƙa wa Ajuma yaron ba. Na fita ba hula, ba takalmi, zanen goyo a kafaɗata, tumbuɗin nono yana gangarowa a bayan rigata. Ta kasuwa na bi. Mata masu kifi suna tambaya wa ya mutu.

A hanya na yi karo da 'yan lakwal, sun riga sun fito suna tsalle. Masu aikin hanya suna ƙarƙashin inuwa suna dama fura. Ba wanda ya jira komai. Amma ƙafata ba ta tsaya ba.

Na iske Baƙo zaune hankali kwance. Na fizge guduma na maka wa ƙarfen ɗaya, ƙaƙƙarfa, ita kaɗai. Tsuntsaye suka tashi daga maɗaci. Gardawa suka fito. Kumandan ya leƙo ta taga da cokali a hannu.

Na ce wa Baƙo sha ɗaya ka buga! Ya ce ƙarya ne, aljihun dama ya ƙare. Ya juye na hagu a tafinsa muka ƙirga tare a gaban kowa. Sha ɗaya. Ya taɓa haƙorinsa da harshe.

"Af. Tana da daɗi kuwa."

Ya ci sha biyun rana.

Tafinta ya kasa fassarawa don dariya, sai da ya dafa bango. Da kumandan ya gane, ya dubi Baƙo, ya dube ni da zanen goyo da ƙafa ba takalmi, ya faɗi wani abu ya koma ciki. Tafinta ya ce, "Ya ce na ƙarshen ya makara, amma ya ji shi. Ya ce a ba mutumin tsakuwa maimakon gyaɗa."

Ba wanda aka tsayar a rana.

Na tsaya ina haki, ina jiran abin da zai biyo baya. Ba abin da ya biyo baya. Sai na ji dariya ta taso mini tun daga ciki, na yi ta yi har hawaye, har na zauna kusa da ɓarawon sa'a na karɓi gyaɗarsa na ci.

Alhamis, 1 ga Nuwamba

Duk garin ya ji. Masu kifi suna tambayata ina jaririna. Ajuma ta ce tsohon mijinta ya gudu da zanen sabon.

Baƙo ya ɗebo tsakuwa daga bakin gulbi. Ya ce in ya ci wannan, in zo da gudu.

Lahadi, 4 ga Nuwamba

Wuyan ya saki. Ban lura da ranar da ya saki ba.

Laraba, 7 ga Nuwamba

Da la'asar na kai takwara ƙofar gida, a hannuna, kowa yana gani. Liman ya wuce ya ce, "Yau mai suna ya fito." Na ce ya ɗan makara, amma ya iso. Na roƙe shi ya sake faɗa mini yadda ya faɗa ranar. Ya yi dariya, ya dafa kan yaron, ya faɗi sunan a hankali, ya yi masa addu'a. Mu uku kawai. Ya ishe ni.

Mushe ya ce rubutuna ya miƙe. Bai san da wane harshe nake cika kayensa ba.

Asabar, 10 ga Nuwamba

Takwara ya yi murmushi. Ajuma ta ce iska ce a cikinsa. Ni na san abin da na gani.

Talata, 13 ga Nuwamba

Arba'in. An yi wankan ƙarshe, an yi kitso, an sa lalle. Jibi za su tafi.

Da rana ina zaure da yaron, uwarsa ta kawo mini ruwa ta durƙusa. Maimakon ta tashi sai ta tsaya, idonta a ƙasa. Ta ce, "Baba, a Tanda ba a jin ƙarfe. Da aka kai ni, shi na fi rasawa. Tun ina ƙarama in na ji shi na san kana nan lafiya."

Na ce ruwan da sanyi. Ta ce eh. Ta tashi.

Ni da nake zaton ƙarfen nan raba ni da ita kawai ya yi.

Juma'a, 16 ga Nuwamba

Jiya suka tafi. Baƙo ya ce in bar masa ranar gaba ɗaya, ya cika aljihu biyu da tsakuwa har wandonsa yana zamewa.

Rakiya kawai na ce zan yi, zuwa bayan gari. Lawali da jakuna a gaba, kayan gara a kai, mata a baya. Ko'ina an yanke gero, dawa ta sunkuya, 'yan mata suna kalar zangarniya. A gindin tsamiyar da ake rabuwa muka tsaya a gyara ɗaurin kaya, aka ba ni takwara in riƙe. Ya kama gemuna da hannu biyu ya ƙi saki. Ina ta gaya masa ya bar mini ko wannan.

Muna nan ƙarfe ya yi kuka daga bariki, can nesa, siriri. Uwarsa ta ɗaga kai tana saurare.

Da ya yi shiru Ajuma ta juyo ta ce, "Malam, nawa aka buga?"

Na buɗe baki. Ban sani ba.

Ta ci gaba da kallona tana wani murmushi, na ce ai yaron ne ya ja mini gemu, wa zai yi ƙirga ana ja masa gemu. Ba wai na daina kula ba ne. Na tabbata Baƙo ya yi daidai. Ko bai yi ba, da na ji labari.

Daga tsamiyar na ce bari in ƙara taka musu kaɗan. A Tanda na kwana.

Yau na dawo da hantsi, na sami garin yana nan inda na bar shi. Ranar Lahadi ta sama zan koma, na bar hulata a can.